Minti Ɗaya, Kwana Huɗu

Laraba, 13 ga Maris, 1985

Wasiƙa ta zo daga Sudan. Wani ɗan kasuwa mutumin Ungogo ne ya taho da ita, ya bar ta a shagon mai magani a Bagwai, daga can aka miƙo mini. Da ajami aka rubuta ta. Mai rubutun ya ce sunansa Khalilu, direban babbar mota, kuma shi ƙanena ne, uba ɗaya. Ya ce uban namu, Malam Sama'ilu, yana raye a wani ƙauye kudu da Khartum, amma ƙafafunsa sun kumbura tun kaka, ko masallaci ba ya fita, kuma yana ta kiran sunana. Ya ce ya biya tikitin jirgi, yana ofishin kamfanin a Kano, in je in karɓa.

Shekara arba'in da ɗaya ke nan da mutumin ya fita daga gidan nan a ƙafa, zai je Makka. Ina ɗan shekara uku. Ban san fuskarsa ba.

Shekara goma sha tara na yi ina gyaran rubutu a gidan jarida kafin a rage mu bara, don haka abin da na fara dubawa kwanan wata ne. Tun Rabi'ul Sani aka rubuta ta. Wata biyu tana hanya. Mai yiwuwa wanda ake kira na in gani ya riga ya tafi.

Alhamis, 14 ga Maris

Na fito da littafin taswirar da na baro ofis da shi. Na karɓi zare a wurin matata Asiya, na ɗora bakinsa a kan Kano, na ja shi zuwa Khartum, na yanke, na gwada da ma'aunin da ke ƙasan shafi. Kilomita dubu biyu da ɗari shida, ko sama da haka kaɗan. Na sake sau uku. Haka dai.

Zaren bai kai tsawon tafin hannuna ba.

Tun ina yaro abin da ake faɗa mini shi ne ya yi nisa. Ba a taɓa ce mini nisan nawa ba, ni kuma, da na auna labaran mutane da yawa, ban taɓa auna wannan ba. Jirgi yana cin kilomita ɗari bakwai zuwa takwas a awa. Ke nan ƙasa da awa huɗu. Ran da motar kasuwa ta lalace mana a Bichi, na fi haka kafin in kai Kano.

Na daɗe zaune da zaren a hannu har Asiya ta ce in ba ta abinta in ba ɗinki zan yi ba.

Asabar, 16 ga Maris

Na faɗa wa Inna. Tana tsince kuka a faranti, ba ta ɗago ba. Ba ta kama sunansa, kamar yadda ba ta kama nawa, ni ɗan fari. Alƙali ya raba auren tun ina ɗan shekara goma, ta yi wani auren a Tsanyawa, mijin ya rasu, ta dawo wurina. Amma har yau "mai tafiyar nan" take ce masa.

Ta ce, "Wata nawa ne?"

Na ce ba wata ba ne, awa huɗu ne ba kaɗan.

Ta ce, "Kada ka maishe ni 'yar jiya, Malam. Na san jirgi. Ba ga Hajiya Larai ta je Makka ta dawo mana da haƙori ba? Amma Makka daban. Wannan hanyar na san ta. Ba ta dawo da mutum."

Na kawo taswirar na nuna mata zaren. Ta kalle shi, ta kalle ni, kamar wanda ya kawo mata hoton rijiya ya ce ta sha.

Ban ce zan je ba. Ban ce ba zan je ba.

Juma'a, 22 ga Maris

Bayan masallaci Baffa Badaru, ƙanen mutumin, ya tsare ni a gindin gawo. Labari ya riga ya zaga gari.

"An ce ka auna Sudan da zare. To auna mana ruwan bana, ɗan jarida, mu san ko za mu ci."

Na tambaye shi tsawon lokacin da yayansa ya ɗauka kafin ya isa Khartum. Ya ce wannan ba ya mantuwa, domin shi ne labari na ƙarshe da suka samu: wani alhaji ɗan Bichi da ya dawo ya ce ya gan shi a can, shekara biyu da wata huɗu bayan fitarsa. Daga nan shiru.

"In ka je ka ce masa gonarsa ta gabas tana gaishe shi. Ni na noma masa ita shekara ashirin kafin ka yi gemu, ko goro bai aiko ba." Ya yi dariya, sannan ya juya yana gyara rawanin da babu abin da ya same shi.

Wata ashirin da takwas, kwana ɗari takwas da hamsin. Na rubuta a bayan ambulan.

Talata, 26 ga Maris

Na shiga rumbu na duba tukunyar iri. Yumɓun da na liƙe bakinta da shi yana nan, bai tsage ba. Tiya huɗu ne a ciki, geron gidanmu tun na kakanni, mai gajeren kara, mai saurin nuna. Bara da ruwa ya ɗauke da wuri shi kaɗai ya ba mu ɗan abin da muka gani. Maƙwabta da yawa sun cinye nasu irin tun sanyi, har Baffa. Mu sau ɗaya muke ɗora tukunya a yini, amma na ce da Asiya ko za mu kai ga tafasa ganye zalla, wannan tukunyar ba a taɓa ta.

Idan zan je, sai in je in dawo kafin ruwan shuka. Na lura na rubuta "idan" amma na aika a duba mini fasfo ɗina ko bai mutu ba.

Lahadi, 7 ga Afrilu

Rediyo ya ce an yi juyin mulki a Khartum, filin jirgi a rufe. Iyakokinmu na ƙasa kuma tun bara a rufe, Chadi ana yaƙi. Inna tana bakin ƙofa tana ji. Abin da ta ce kawai, "To in ya sauke ka ya tafi abinsa fa?"

Na ce jirgi ba ya haka. Na ji muryata irin ta mai karanta sanarwa.

Litinin, 15 ga Afrilu

An buɗe filin. Zan je.

Alhamis, 25 ga Afrilu

Kwana uku a Kano: biza, allurar shawara, tikiti. Tikitin yana nan kamar yadda Khalilu ya faɗa, Uwaisu Sama'ilu, ba kuskuren harafi ko ɗaya. Biyu ga Mayu tafiya, tara ga Mayu dawowa. Kaya kada su wuce kilo ashirin.

Tun daga zaure na ji ƙamshin. Soyayyen gero da citta da kanumfari, ƙamshin da gidan nan bai yi ba tun kakar bara waccan. Sai da na ji daɗinsa tukuna, kafin hankalina ya tambaye ni daga ina gero.

Tukunyar irin tana tsakar gida, a kife, an wanke ta.

Inna ta fasa yumɓun bakinta ran da na tafi. Ta surfe, ta soya, ta daka, ta tankaɗe, duk ita kaɗai, domin Asiya ta ƙi sa hannu, ta zauna a ɗaki tana kuka. Garin matafiya ne irin na da, wanda ake damawa da ruwa a hanya, yana wata da watanni bai lalace ba. Ta ɗura shi a jakar fata, ta ɗinke bakin.

Na tsuguna na tsince tsakar gida ko zan sami ƙwayar da ta tsira daga wuta. Na sami goma sha ɗaya. Kaji sun riga ni sauran.

Ban ɗaga murya ba. Na ce, "Inna, a jirgin ma abinci ake bayarwa." Na ce, "Me za mu shuka?"

Juma'a, 26 ga Afrilu

Ban yi mata magana ba yau. Na zaga gidaje biyar neman iri. Babu. A kasuwa akwai gero, amma ba wanda ya san daga ina aka kawo shi, ko na kwana nawa ne. In mai daɗewa ne ruwa ya sake ɗaukewa da wuri, kara za mu girba.

Na yi tunanin fasa tafiyar in shiga ƙauyuka nema. Mutumin da bai nemi gonarsa ba shekara arba'in, a kansa za mu rasa ta bana.

Asabar, 27 ga Afrilu

Da hantsi ta same ni a zaure. Ta zauna nesa kaɗan, ta juya mini gefe, kamar da bango take magana.

Ta ce shekarar da mai tafiyar nan ya fita ita ma shekarar wuya ce. Ya ce ta yi masa guzuri. Ta duba rumbu, ta duba ni, ta auna masa kwano biyu, ta ɓoye sauran. Alhajin Bichi da ya dawo ya faɗa a gaban mutane cewa tun a Dikwa guzurinsa ya ƙare, dole ya tsaya ƙodago damina guda. Daga nan ya zama duk garin da ya isa sai ya tsaya ya yi aiki kafin ya ci gaba.

"Da na cika masa, da bai koyi tsayawa ba," in ji ta. "Na yi rowa sau ɗaya. Ba zan yi sau biyu ba. Iri ana samu a wurin mutane. Kai a wurin wa zan samo?"

Ina da amsoshi. Kwano huɗu ma ba zai kai mai tafiya a ƙafa Chadi ba, na iya lissafin. Na buɗe baki na ga ba lissafi ta zo nema ba.

Shekara arba'in da ɗaya tana ɗauke da kwano biyu, ni ɗanta ban sani ba.

Talata, 30 ga Afrilu

Na kai jakar sikelin mai sayen gyaɗa. Kilo tara da rabi. Da kayan sawa da tsarabar goro, nauyi ya wuce. Na cire littattafai uku, har da na taswira. Zaren dai yana aljihu.

Alhamis, 2 ga Mayu, a cikin jirgi

Mun tashi sha ɗaya da minti biyar. Na gyara labarin jirgin sama ya fi sau ɗari, na san sunayen sassansa, ban san cewa ciki yakan rage a ƙasa sai daga baya ya biyo mutum ba.

Rubutun zai karkace, a kan gwiwa nake yinsa.

Kano ta kwanta. Badala, Dala, rufin kwano, duk suka taru wuri guda kamar an share su da tsintsiya. Sannan gonaki. Ban taɓa sanin haka muke ba: ba tazara, gona na jingine da gona har iyakar gani, ja da fari da ruwan ƙasa, kamar tsohon zanen da aka yi wa faci dubu, kowace da ɗigon bishiya a tsakiya. Kowane faci akwai wanda ya san iyakarsa da taku, akwai wanda aka yi shari'a da shi a kanta. Daga nan sama babban yatsana ya rufe ƙauye guda da duk rigingimunsa.

Kusa da ni wata 'yar kasuwa ce daga Fagge, Hajiya Luba, mai safarar turare. Ta ce wannan zuwanta na goma sha huɗu. Tun kafin mu tashi ta cire takalmi ta ɓare goro. Da ta ga na manne da taga ta ce, "Malam, sassauta wuyanka, ƙasar ba inda za ta."

Matuƙi ya ce tafiyar awa uku da minti arba'in ce. Minti ɗari biyu da ashirin. Na raba kwana ɗari takwas da hamsin da shi a bayan ambulan.

Kowane minti ɗaya a nan, kwana huɗu ne na mutumin.

Na sake rabawa. Uku da ɗigo takwas da wani abu. Kwana huɗu.

Sha biyu saura: ruwa yana ƙyalli can ƙasa. Tafkin Chadi ke nan, amma ba shuɗin nan mai faɗi na littafina ba, ɗan ruwa ne a tsakiyar toka-toka da kore, sauran duk busasshen kwari. Littafin yana buƙatar gyara. Dikwa tana wani wuri a dama, mun riga mun wuce ta. Inda kwano biyu suka ƙare, inda ya yi damina guda yana noman wani. Ban ma ga lokacin da ta wuce ba, ana miƙo mini shayi.

Na sha shayin cikin minti goma. Kwana arba'in.

Bayan nan babu kore. Ƙasa ja, sannan rawaya, busassun koguna kamar jijiyoyin bayan hannun tsoho, duwatsu baƙaƙe jefi-jefi. Wani farin layi siriri yana tafiya gabas, ya ɓace, ya sake fitowa. Hanya ce. Na zuba ido ko zan ga mutum ko raƙumi, ban ga komai ba, alhali na san akwai, bana ma da yunwa ta taso mutane daga garuruwansu. Ashe daga nan ba a ganin mutum. Wani ya taka wannan duka, taku bayan taku, da jaka a kafaɗa, rana tana fito masa a fuska kullum. Na zo da fushina a shirye, na jera tambayoyi tun daga Bagwai. Ban ajiye su ba. Amma na kalli ƙasar nan awa biyu ba ta ƙare ba, a gudun da ya fi na kowace halitta, sai na rasa yadda zan riƙe fushin da girmanta a lokaci guda.

Subhanallahi. Ba ni da wata kalma, ni da kalmomi ne sana'ata.

Hajiya Luba ta farka ta ce, "Mun iso?" Na ce saura minti ashirin. Ban ce mata saura wata uku ba kaɗan ba.

Koguna biyu sun haɗu a ƙasa, ɗaya ya fi ɗaya duhu. Uku saura kwata a agogona. Zaren bai yi ƙarya ba.

Juma'a, 3 ga Mayu

Khalilu ya tarye ni jiya. Ban nemi kowa ba, na gan shi kamar Baffa Badaru yana ɗan shekara talatin, a tsaye cikin farar jallabiya. Hausarsa da Larabci a ciki kamar tsakuwa a shinkafa. Ya rungume ni ya ce, "Yaya, yana nan. Jiya ma ya sha kunu."

Yau mota zuwa ƙauyen, awa tara. Ninki biyu na jirgi da ɗori. A bakin hanya mutanen yammacin ƙasar ne zaune da yara da ƙullin kaya, fari ya koro su. Waɗanda ban gani ba daga sama.

Asabar, 4 ga Mayu

Yana kwance a gadon igiya ƙarƙashin rumfa. Ɗan ƙaramin tsoho. Ban san me ya sa na zaci dogo ne ba.

Na gaishe shi kamar yadda ake gaida malami. Ya riƙe hannuna bai saki ba, yana shafa yatsun ɗaya bayan ɗaya kamar yana ƙirga ko sun cika.

"Yaushe ka taso?"

Na ce shekaranjiya. Na yi walaha a Kano, na yi la'asar a Khartum.

Sannan ya fara lanƙwasa yatsu: Dikwa, damina guda. Lami ta Chadi, ɗiban ruwa. Abashe, wata bakwai yana jinya a zauren wani mutum da bai san sunansa ba har yau. Junaina. Fashir. Ubayyid. Yatsun suka ƙare bai iso ba. "Duk ka wuce su?"

Na ce duka.

"Ka ga Abashe?"

Na ce ban gane ta ba.

"Tana da rijiya mai daɗi," ya ce.

Na kwance jakar fata. Matar Khalilu ta dama a kofi. A gidan nan ma sau ɗaya ake ɗora tukunya, na ga yadda yaran suka bi jakar da ido, na ce a dama wa kowa. Ya kai kofin hanci kafin baki, ya daɗe a haka.

"Kaltume ce ta daka wannan." Ba tambaya ba ce. Ya kurɓa. "Har yanzu tana cika citta."

Ya sha kofi biyu. Khalilu ya ce rabonsa da haka tun sanyi.

Lahadi, 5 ga Mayu

Na yi tambayar. Ɗaya kawai, sauran sun zube a hanya.

Ya ce ya yi hajjinsa a shekara ta huɗu, ya dawo nan ya tsaya ya tara abin komawa. "Na san da jirgi, ba a rami nake ba. Kowace shekara sai in ce bayan girbi. Da fari ba ni da abin da zan riƙo. Da aka kai shekara goma, ba ni da abin da zan faɗa."

Na ba shi labarin kwano biyu, da tukunyar irin da aka buɗe. Ya rufe ido.

"Ka ce mata ba guzuri ba ne. Ka faɗa mata da bakinka, ka ce ni na ce. Ko buhu ta ba ni." Can kuma ya ce, "To me za ku shuka?"

Na ce ban sani ba tukuna.

Ya kira Khalilu ya nuna masa rufin ɗaki. Khalilu ya taka turmi ya sauko da ƙunshin tsumma, hayaƙi ya baƙanta shi. Zangarniyar gero ce a ciki, gajeru, masu kauri. Na san su kafin a gama kwancewa.

Ya ce ran da zai fita ya shiga rumbu ya ɗebi tafi ɗaya na iri, ya ƙulle a gefen riga, bai faɗa wa kowa ba. Duk inda damina ta same shi sai ya roƙi ɗan gefen gona ya shuka, ya cire iri, ya ƙara gaba. A nan dawa ake nomawa, suna yi masa dariya da 'yar gonar geronsa. Bana da yunwa ta matsa an so a daka, ya ce sai dai bayan ransa.

"Raba biyu," ya ce da Khalilu. "Ba wa yayanka babban."

Talata, 7 ga Mayu

Abu biyu, don gaskiya.

Na ɗaya: wanda zai je ya dawo ba ya ɗaukar iri. Ko dai tun daga zaure ya san ba zai dawo ba, ko kuwa ya ɗauka ne don kada ya rabu da gida. Na juya shi ta kowane gefe, duka biyun suna tsayawa. Ban tambaye shi ba.

Na biyu: gero iska ke haɗa shi da na maƙwabta. Na karanta wannan. Bayan shuka arba'in a ƙasashe uku, ba yadda za a yi ya zama shi ne irin da ya bar rumbunmu. Kama ce kawai.

Mun sussuka, ya ba da tiya ɗaya da ɗan ɗori.

Laraba, 8 ga Mayu

Sallama. Na isar da saƙon Baffa Badaru game da gonar gabas, har da maganar goro. Ya yi dariya har tari ya kama shi. "Ka ce wa Badaru ya ci bashin haƙuri." Sannan ya ce, "In ka hau, ka duba mini Abashe da kyau."

Mu duka mun san ba za a sake ba. Ya ce Allah ya yi mini albarka. Na ce amin, na tsaya neman abin da zan kira shi da shi, har mota ta yi ham.

Alhamis, 9 ga Mayu

Awa uku da minti hamsin, iska tana gabanmu. Irin yana cinyata, ban ba da shi a ɗakin kaya ba. Na duba Abashe. Akwai wani ɗigo a gefen busasshen kogi da ya yi daidai da lokacin. Na ɗauka ita ce.

Irin nan shekara biyu da wata huɗu ya yi yana zuwa, shekara talatin da tara yana zaune, ya dawo tsakanin hantsi da azahar.

Juma'a, 10 ga Mayu

Inna ta dube ni daga kai har ƙafa, ta taɓa hannun rigata, ta koma ta zauna.

"Ya ci?"

Na ce kofi biyu. Na ce ya ce har yanzu tana cika citta.

"Shi ya ce in riƙa ƙarawa," in ji ta.

Na faɗa mata saƙon, kalma da kalma, har "ko buhu ta ba ni." Na zuba irin a faranti na ajiye a gabanta. Ta ɗebi kaɗan, ta mirza a tafi, ta sa ƙwaya ɗaya a haƙori. Ta tashi ta shiga ɗaki ta sakaya ƙofa. Asiya ta ce in bar ta.

Talata, 21 ga Mayu

An ɗauki azumi. Hadari ya taso ta gabas, ya watse.

Asabar, 8 ga Yuni

Ruwa jiya, ya jiƙa ƙasa fiye da tsawon hannu. Mun fita da sassafe. Sauran gonakin na sa musu geron kasuwa da dawar da Baffa ya samo, Allah ya sa a dace. Gonar gabas kuwa ni ke sara da sungumi, Inna tana bina tana jefawa tana rufewa da diddige, da azuminta, an hana ta ta ƙi. Baffa yana kan iyaka yana cewa layina ya karkace, ɗan jarida bai iya miƙe layi ba sai a takarda. Ƙwaya goma sha ɗayan nan da na tsince a tsakar gida na zuba su cikin sauran. Ba za a iya rabewa ba yanzu.

Wajen sha ɗaya jirgi ya wuce can sama, ya nufi gabas. Ban san ko shi ne ba. Na duba agogo. Kafin mu kai ƙarshen layi ya wuce Dikwa.

Babu wasiƙa daga Khalilu. In ma an rubuto, wata biyu take yi.

A littafin gona na rubuta: gonar gabas, tiya ɗaya, geron Baba. Na karanta layin sau biyu kamar yadda na saba. Ban ga abin gyara ba.